Ba Labbo Mai Walda Ne Ya Yi Gaggawa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labbo ya rasu.

Da safen nan ina karyawa, kofin koko a hannu, waya ta yi ƙara. Bashiru ne, babban ɗansa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Baba Mamman, tsoho ya cika bayan asuba." Na ce wane tsoho? Sai ka ce goma gare shi.

Ina Kaduna wajen ɗiyata, na zo ganin likitan ido. Kafin in gama neman takalmina an riga an kai shi makwancinsa a Bakura. Ko sallarsa ban samu ba.

Masu bibiyata a wannan shafi kun saba da ni da farashin albasa da tsokanar direbobi. Yau babu wannan. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Akwai kayan da na ɗauka shekara arba'in da ɗoriya, kuma wanda ya kamata in sauke a gabansa ya tafi.

Ga wanda bai san shi ba: Malam Labbo Mai Walda mutumin Maradun ne, ya zauna Mafara, ya ƙare zamansa a Bakura. Duk wanda ya taɓa zama a garejin Mafara ya ji sunansa ko bai taɓa ganinsa ba. In wani ya yi aiki cikin gaggawa ya ɓata, sai ka ji an ce masa, "Ka yi aikin Labbo." Bara da kunnena na ji wani ogan walda yana faɗa wa abokin aikinsa haka, mutumin da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da abin ya faru. Ina zaune a benci ina jiran a ɗaure mini salansa. Aka yi dariya, ni ma na yi.

To ba Labbo ne ya yi gaggawa ba. Ni ne.

Zamanin aikin dam ɗin Bakolori muka haɗu. Mafara ta cika ta batse, ga leburori, ga direbobin tifa, ga Turawan kamfani, kowa da cikin da za a cika. Ni na bar makaranta daga aji biyu na sakandare, na fito da lissafi da ɗan Turancin da zai ishe ni in sayar wa Bature tumatir ninki biyu yana mini godiya. Shi kuma Labbo ruwan dam ya hau gonarsu ta gado, ya shiga aikin lebura, wani oga ya lura hannunsa ba ya rawa ya koya masa walda. Manyan bututun ruwa yake haɗawa. Wannan hannun shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Ran Lahadi, ranar hutunsa, sai ya kafa tukunyar gas ɗinsa a gindin wata tsamiya bayan tasha yana ɗan aikin kansa.

A lokacin na sayi wata akori-kura hannun wani akawu. Tun a ranar ma tsohuwa ce, irin wadda in samarin yanzu suka gani sai sun jingina sun ɗauki hoto. Ƙofar direba da igiya nake ɗaure ta. Inji kam lafiya lau. Tanki ne ciwon kai, ga ƙanƙanta, ga tsatsa, ga yoyo. Kullum da guntun sabulu a aljihuna, in ya fara ɗiga in kwanta in goga masa. Kuma in ka bar Mafara ka nufi Janbako ko ƙauyukan bayan Maradun, babu inda za ka ga ɗigon fetur. Dole in cusa jarkar mai biyu cikin kaya. Wata mai tuwo ta taɓa dawo mini da kwandon tattasai, ta ce miyarta ashana kawai take jira.

Na kai wa Labbo motar. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana kaɗe riga.

"Mamman, wanga ba tanki ba ne, rariya ce."

Na ce, "Oga Labbo, to a toshe rariyar."

"Ba ni toshe ta. Sabo za ni yi maka, wanda za ya kai ka Janbako ka komo ba ka roƙi kowa ba."

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kuma har yau ban sake gani ba. Bai taɓa ƙarfe ba sai da ya gina tankin da kwali. Ya yanka, ya lanƙwasa, ya tura tsakanin shasi da bodi, ya fito da shi, ya rage yatsa ɗaya, ya sake turawa. Na ce, "Mai gida, tankin kwali zan zuba wa mai?" Ya ce, "Kwali ka yahe kuskure, ƙarhe bai yahewa." Da kwalin ya zauna daidai, sai ya shimfiɗa shi kan farantin ƙarfe ya zana da alli. A kan wani guntun ƙarfen layin dogo ya lanƙwasa ƙarfen da gudumar katako, yana bugu yana sauraro kamar mai zaɓen kankana.

A ciki ya kafa katanga biyu masu huda, tankin ya zama ɗaki uku. Na tambayi amfaninsu. Ya ce hanyar Janbako rami ce bisa rami, in mai ya samu fili zai yi ta gudu daga wannan bango zuwa wancan har ya fasa walda. A ƙasa kuma ya yi wani ɗan kwari da noti, inda ruwa da datti za su taru in kwance in zubar.

Lahadi biyu ya yi yana wannan. Abu ɗaya ya rage: wuyan tanki, inda ake zuba mai, da mazaunin gej, abin da ke nuna yawan mai. Waɗannan sai an yanko su daga tsohon tanki, don ba a samunsu a kasuwa.

Ya zaunar da ni ya ce, "Ka jiya da kyau. Ka cire tsohon ran Alhamis. Ka cika shi da ruwan sabulu har baki. Kullum da sahe ka zubar ka sake sabo. Kwana ukku. Hetur bai hita jikin ƙarhe da wuri, ko ka ga ya bushe yana nan ciki. Kwana ukku, sannan ka kawo man ran Lahadi."

Na ce to.

A nan ne kasuwa ta cuce ni, ko in ce na cuci kaina da ita.

Ni tun ina yaro abin da na koya shi ne, babu lambar da ake faɗa da gaskiyarta. In mai albasa ya ce goma, yana nufin bakwai. In direba ya ce yanzu-yanzu za a tashi, ka je ka ci abinci. In manomi ya ce barkononsa ya sha rana mako guda, kwana huɗu ne. Kowa yana ɗora wani abu a sama don a rage. Da Labbo ya ce kwana uku, kunnena sai ya ji farashin farko. Na ce a raina, ma'aikaci ne, dole ya ƙara wa aikinsa kwarjini. In ya ce uku, ɗaya ya isa. In ɗaya ya isa, wanki mai kyau ma ya isa.

Ga shi lokacin tumatir ne. Ajiye mota kwana uku a wannan lokaci, ana kallon kaya suna ruɓewa a bakin gona, ban ga zan iya ba. Labbo kuma duk mako yana can wajen dam, ba zai san ko motar tana tafiya ko tana tsaye ba.

Alhamis na yi Bakura. Juma'a na yi Birnin Tudu. Asabar na yi Jangebe na dawo. Sai ran Lahadi da hantsi na kwance tankin, na kai shi bakin kanal ɗin ban ruwa, na zuba sabulu na girgiza, na ɗauraye sau uku. Na sa hanci. Na ji ɗan wari, na ce sabulu ne.

Al'adar Labbo, kafin ya kusantar da wuta ga kowane tanki sai ya sa hancinsa a baki ya shaƙa. Ranar mura ta kama shi, hanci a toshe, ido yana ruwa. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya girgiza kai.

"Ba ni jin komi yau. Mamman, kwana nawa ya yi da ruwa?"

"Uku."

Na riga na shirya rantsuwa a bakina, irin wadda nake yi wa masu saye sau hamsin a yini. Bai nema ba. Ya ce, "To madalla," ya kunna wuta.

Ina tsaye taku biyar daga wurin, ina ɓare gyaɗa.

Ƙarar har cikin tasha aka ji ta. Tankin ya kumbura ya zama kamar tulu, gefe ɗaya ya yage. Labbo yana ƙasa, hannun hagu da yake dafe da ƙarfen ya buɗe, gefen fuskarsa ya ƙone, gemu ya tafi. Na ruga in tada mota in kai shi asibiti, sai da na kama ƙofa na tuna motar ba tanki. A amalanke muka tura shi.

Da yamma abokan aikinsa suka cika ɗakin. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Haba Labbo, kai da ke koya wa mutane? Ya aka yi ka sa wa tanki wuta ba a jiƙa shi ba?"

Ina tsaye a bakin gado, riƙe da kwanon ruwansa.

Ya ce, "Gaggawa na yi."

Shi ke nan abin da ya ce. Ni kuma na gyara riƙon kwano.

Na gaya wa kaina gobe zan faɗa. Da gobe ta zo na ce bari ya warke. Da ya warke na ce ai maganar ta wuce, tono ta sai ya tayar masa da ciwo. Ɗan kasuwa ba ya rasa dalili. A ƙasan duk dalilan kuwa abu ɗaya ne: a lokacin manoma suna ba ni kayansu a kan amana in kai kasuwa, kuma ina neman aure a gidan mutunci. In aka ji Mamman ya yi wa amininsa ƙarya har ta kai ga jini, wa zai sake ɗora mini kwando?

Yatsu biyu na hannun suka ƙage, ba su sake lanƙwasuwa ba. Da ya koma aiki ya ga ba ya iya riƙe bututu yadda ya saba, shi da kansa ya ajiye aikin, ya ce ba zai haɗa abin da zai yi yoyo a gonar mutane ba. Ya dawo gindin tsamiya gaba ɗaya. Amma labari ya riga shi isa. Manyan motoci suka daina zuwa. Wa zai ba mai gaggawa tankinsa? Aka bar shi da ƙafar kujera, da murhu, da bakin garma.

Kuma duk da haka ya ƙarasa mini tankina.

Bayan wata biyu ya aiko a kira ni. Ya samo wuya daga wata matacciyar mota, ya jiƙa shi da kansa, ya haɗa. Ya shafe duk layin waldar da alli, ya zuba kananzir a ciki, muka zauna muna kallo. Ya ce in akwai huda ko ta kai bakin allura, allin zai yi duhu. Har la'asar allin yana fari. Ya buga tankin da hannun mai lafiya ya ce, "Tahi Janbako, ɗan kasuwa."

Na je Janbako na dawo gej bai kai rabi ba. Shekara goma sha wani abu motar ta yi a hannuna. Inji ya mutu, bodi ya ruɓe, tankin ko gumi bai taɓa yi ba. Da wannan motar na yi aure, da ita na gina gida, da ita na sayi ta biyu.

Shi kuma daga baya ya tattara ya koma Bakura, inda ba a cika tsokanarsa da sunan ba.

Kada ku ɗauka mun rabu. Da ma mun rabu, da ya fi mini sauƙi.

Duk sunan da aka yi a gidana Labbo yana layin gaba.

Da mahaifiyata ta tsufa ta kasa hawa dakalin ɗakinta, ban gaya masa ba, gani ya yi. Bayan kwana biyu sai ga shi a kan keke da ƙarfen dafawa, ya kafa mata, ya sha fura ya tafi.

Ya gyara mini sikeli, ya ce, "Na daidaita shi. In ka ga ya koma yadda yake da, ba ni ba ne."

Ni ma na yi ta yi masa alheri, ba zan ɓoye ba. Buhun shinkafa da kaka, shadda da salla. Mutane suna cewa Alhaji Mamman akwai riƙon zumunci. Ni na san abin da nake yi. Ciniki nake da Allah, ina ba da komai ban da abu ɗayan da ake bukata.

Ganinmu na ƙarshe wata uku ke nan. Bashiru ya ce mini jikin tsoho ya yi nauyi, na shirya na tafi Bakura, kuma wallahi da niyyar faɗa na fita. Tun daga Mafara nake jera maganar a mota.

Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame, amma bakin yana nan.

"A'a, ɗan kasuwa! Mi kaka saidawa yau?"

Na ce, "Gaisuwa, kyauta."

"To lalle akwai abin da ke bayanta."

Muka yi dariya. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka lissafa waɗanda suka riga mu. Hira ta kai mu zamanin dam. Sai ya shiga murza yatsun nan biyu. Can ya ce, kamar mai ba da labarin wani:

"Ka san tankin da ya kwan ukku da ruwa, in ka leƙa cikinsa za ka ga tsatsa sabuwa, ja, kamar an barbaɗa barkono. Dole ne. Ruwa bai kwana bisa ƙarhe ya tahi bai bar shaida ba."

Na ce, "Haka ne."

"Da na hito asibiti na tahi gindin tsamiya na leƙa naka."

Ya dube ni, ba da fushi ba. Irin kallon da mai kaya ke yi maka in ya faɗi gaskiyar kuɗinsa yana jiran ka ce na saya.

Wato ya sani. Tun kafin ya haɗa mini tankin ya sani. Ya sani ranar da ya kafa wa mahaifiyata ƙarfe, ya sani a kowane suna. Ya buɗe mini ƙofa har bango, abin da ya rage in ce, "Labbo, ƙarya na yi maka, ka yafe mini." Kalma takwas.

Kun san abin da ya fito daga bakina?

Na ce, "Oga Labbo, kai dai har yau ba ka bar bincike ba."

Ya yi murmushi. Ya ce, "Awo."

Aka kira azahar. Na riƙe masa buta ya yi alwala, muka yi salla a zaure don ba ya iya kaiwa masallaci. Da zan tafi na ce zan dawo bayan kasuwar Talata, akwai maganar da nake so mu yi. Ya ce, "Ina nan, Mamman. In Allah ya so."

Talata goma sha biyu ta wuce.

Ban sani ba ko ya yafe. Mai son ya kwantar mini da hankali zai ce ai wanda ya rufa maka asiri shekara arba'in ya yafe. Wataƙila. Amma rufin asiri daban, yafiya daban, kuma ni ban roƙa ba balle a ba ni. Malamai sun gaya mana haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke. Mai shi yana ƙarƙashin ƙasa tun ƙarfe tara na safiyar yau.

Abin da ya rage a hannuna sunansa ne, shi ma ni na ɓata shi.

Na kira Bashiru kafin in fara wannan rubutu, don bai kamata ya tsinci maganar a waya kamar kowa ba. Na gaya masa duka. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba, tun muna makaranta ake kiranmu 'ya'yan mai gaggawa." Ya ce in zo, za su saurare ni, amma ba zai yi mini alkawarin komai a madadin ƙannensa da mahaifiyarsu ba. Na ce ban nemi alkawari ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan kama hanya. Ran sadakar uku zan tashi a gaban iyalinsa da duk wanda ya zo, in faɗi abin da na rubuta nan da bakina. Abin da suka ga dama su yi da ni, sun isa.

Ku kuma mutanen gareji, na Mafara da Bakura da Maradun, masu walda da makanikai da direbobi, roƙona gare ku ɗaya ne. Ku bar cewa "aikin Labbo." Mutumin nan bai taɓa gaggawa a aiki ba. Ya tambaya, aka yi masa ƙarya, ya yarda da abokinsa. In dole sai kun laƙaba wa ɓarna sunan wani, ga nawa nan, Mamman, ku ɗauka. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda ba ya karatu.

Ya Allah, ga bawanka Labbo ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya shi. Yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba asiri, ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka mayar masa da hannunsa lafiyayye a Aljanna. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka tsare bayansa.

Don Allah duk wanda idonsa ya kai nan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Uku cif, kada a rage.

In kun gama tasa, wanda ya ga zai iya, ya sa ni ma a addu'a.